Farfaɗiyar da ba ta jin magani: Dalilanta, alaƙarta da cututtukan gado da hanyoyin kula da ita

Farfaɗiya na daga cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi yawa a duniya, tana kuma daga cikin waɗanda suka fi jin magani. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke ɗauke da ita, kusan kashi 80 cikin ɗari daga cikinsu suna zaune a ƙasashe masu tasowa, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan aka gano ciwon aka ba su maganin da ya dace. Saura kusan kashi 30 su ne waɗanda ake ta sauya wa magani amma ciwon bai lafa ba.

A Kano, irin waɗannan marasa lafiya sukan ƙare ne a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan Titin Zariya, daura da Gyaɗi-Gyaɗi a Ƙaramar Hukumar Tarauni, bayan sun zaga kemis, asibitocin kuɗi da masu maganin gargajiya. Kafin a kai nan an kashe dukiya, yaro ya bar makaranta, iyali kuma sun fara yarda da masu cewa ciwon ba na asibiti ba ne. Ilimin likitanci na da wata fahimta dabam: idan magani ya gaza, alama ce ta a koma a sake bincike tun daga tushe. Wannan ya fi muhimmanci ga masu cututtukan gado da ke taɓa jijiyoyin da ke tafiyar da zuciya, numfashi da awon jini, domin a wurinsu maganin da ke taimakon wasu yana iya zama shi ne ke rura ciwon.

Yaushe ake cewa farfaɗiya ba ta jin magani?

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne ta hanyar wata 'yar wutar lantarki. Idan wani rukuni daga cikinsu ya saki wutar a lokaci guda ba bisa tsari ba, sai mutum ya yi jijjiga, ko ya ƙura ido ya ɗauke na ɗan lokaci, ko wani sashe na jikinsa ya riƙa fizga. Jijjiga sau ɗaya ba ta zama farfaɗiya ba. Zazzaɓi mai zafi ga yara, ƙarancin sukari a jini da taune-taunen masu juna biyu duk suna kawo ta. Ana kiran ciwon farfaɗiya ne idan ƙwaƙwalwa ta zama mai maimaita wannan hali ba tare da wani abu na nan take ya tayar da shi ba.

A shekarar 2010 Ƙungiyar Yaƙi da Farfaɗiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin da likitoci ke aiki da shi har yau. Ana cewa ciwon ba ya jin magani idan an gwada magunguna 2 da suka dace da nau'insa, an sha su a kan ƙa'ida, a ma'aunin da ya isa, jiki ya karɓe su, amma faɗuwar ba ta tsaya ba. Dalilin tsayawa a kan 2 ya samo asali ne daga wani bincike da likitoci Patrick Kwan da Martin Brodie suka yi a birnin Gilasgo na Birtaniya, aka buga a shekarar 2000. Cikin marasa lafiya 470 da ba su taɓa shan magani ba, kashi 47 cikin ɗari sun daina faɗuwa da magani na farko, kashi 14 da na biyu ko na uku, kashi 3 kuma da haɗin magunguna biyu. Ma'ana, bayan magani na biyu ya gaza, ribar ci gaba da tara magunguna kaɗan ce, sai a nemi wata hanya.

Abubuwan da ke kama da rashin jin magani

Kafin likita ya yanke cewa ciwo ya gagari magani, sai ya kawar da wasu abubuwa da suka yawaita a wurinmu.

Na farko shi ne tsallake magani. Maganin farfaɗiya yana aiki ne muddin akwai shi a cikin jini. Wanda ya sha na mako biyu, ya ga sauƙi ya ajiye, ko kuɗi suka yanke masa a tsakiyar wata, ba a ce maganinsa ya gaza ba. Dakatar da shi farat ɗaya ma, musamman fenobabiton, yana iya jawo jijjiga mai tsawo da ke kai wa ga rasa rai.

Na biyu, ma'auni. Ana auna maganin yara ne da nauyin jikinsu. Yaron da aka rubuta wa magani yana da kilo 12, ya girma ya kai kilo 20 ana ba shi ma'aunin farko, ba ya samun ma'aunin da ya isa.

Na uku, ingancin maganin. Jabu, wanda ya lalace a rana, ko sauya kamfani kowane wata, duk suna iya canza yawan abin da ke shiga jini. Ya kamata a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma lizimci kantin magani guda mai rajista.

Na huɗu, karo da wasu magunguna. Taramol yana tayar da jijjiga ko ga wanda ba shi da farfaɗiya. Rifamfisin, wanda ke cikin magungunan tarin fuka, yana rage ƙarfin wasu magungunan farfaɗiya. Su kuma kabamazafin, fenitoyin da fenobabiton suna rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki.

Na biyar, wanda shi ne mafi nauyi, shi ne a ce abin da ke kayar da mutum tun asali ba farfaɗiya ba ce. Suma saboda saukar awon jini, rikicewar bugun zuciya, shiɗewar yara da faɗuwar da damuwa ke haifarwa duk suna iya zuwa da fizge-fizge. Ba maganin farfaɗiyar da zai tsayar da su. A nan ne batun jijiyoyi masu cin gashin kansu ke shigowa.

Jijiyoyi masu cin gashin kansu

Jijiyoyin jikin ɗan Adam iri biyu ne ta fuskar aiki. Akwai waɗanda mutum ke ba umarni, kamar na ɗaga hannu da na tafiya. Akwai kuma waɗanda ke aikinsu ba tare da saninsa ba, yana farke ko yana barci. Su ne ke daidaita bugun zuciya, awon jini, zafin jiki, gumi, hawaye, narkar da abinci da riƙe fitsari. Wani ɓangarensu yana zaburar da jiki a lokacin tsoro ko aiki, ɗayan yana kwantar da shi a lokacin hutu.

Alaƙar waɗannan jijiyoyi da jijjiga ta fuska biyu ce. Jijjiga tana iya rikita su, shi ya sa mai farfaɗiya kan yi gumi, zuciyarsa ta yi gudu, numfashinsa ya tsaya na ɗan lokaci, ko fitsari ya kuɓuce masa. Haka nan idan su ne suka samu matsala tun farko, suna iya hana ƙwaƙwalwa isasshen jini, iska ko gishiri, sai ta amsa da jijjiga. Mai irin wannan hali ko an ɗura masa magunguna 4, ba za a ga canji ba muddin ba a gyara abin da ke hana ƙwaƙwalwar haƙƙinta ba.

Ciwon Riley-Day

Ciwon gadon da aka fi nazari a wannan fanni shi ne wanda likitocin yara biyu, Conrad Riley da Richard Day, suka bayyana a birnin New York na Amurka a shekarar 1949. A 2001 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa shi, wadda yanzu ake kira ELP1. Sai yaro ya gaji gurɓatacciyar ƙwayar daga uwa da uba duka kafin ciwon ya bayyana, kamar dai yadda sikila take. Kusan dukkan masu shi Yahudawa ne 'yan asalin Gabashin Turai, inda kimanin mutum 1 cikin 30 ke ɗauke da ƙwayar.

Alamominsa sun haɗa da kuka ba hawaye, wahalar tsotso da haɗiya tun ana jariri, raunin jin zafi ko ciwo, awon jini da ke hawa ya sauka cikin ƙanƙanin lokaci, da amai mai zuwa a jere na sa'o'i ko kwanaki tare da gumi da bugun zuciya. Jikin mai ciwon kuma ba ya saurin gane cewa iskar oksijin ta yi masa ƙaranci, don haka ba ya ƙara numfashi yadda na sauran mutane ke yi.

Ciwo ne da ba a san shi a tsakanin Hausawa ba, amma darasinsa ya shafi kowa. Jijjigar masu shi sau da yawa tana biyo bayan ƙarancin iska, raguwar gishirin sodiyam a jini bayan amai ko gumi, zazzaɓi, ko shiɗewa. Saboda haka masu kula da su suna fara duba waɗannan kafin su ƙara magani. Suna kuma taka-tsantsan da magunguna biyu da aka saba da su: kabamazafin, domin yana iya ƙara rage sodiyam, da diyazefam, domin yana iya danne numfashin da dama can mai rauni ne.

Fofiriya: inda magani ke zama guba

Fofiriya mai zuwa lokaci-lokaci ciwon gado ne da ake samu a kowace al'umma, ko da yake bai yawaita ba. Hanta ce ke kasa kammala haɗa wani sinadari na jini, sai abubuwan da suka taru su riƙa cutar da jijiyoyi, har da masu cin gashin kansu. Gado daga ɓangare ɗaya ya isa, wato kowane ɗa na mai ƙwayar yana da damar 1 cikin 2 ta ɗauka, sai dai mafi yawan masu ɗauke da ita ba sa taɓa yin rashin lafiyar. Ya fi bayyana bayan balaga, ya kuma fi kama mata.

Idan ya tashi, mai shi kan yi matsanancin ciwon ciki wanda hoto ba ya nuna dalilinsa, da amai, taurin bayan gida, hawan jini, gudun zuciya, ruɗewa, wani lokaci da jijjiga da mutuwar gaɓoɓi. Fitsarinsa kan koma ja ko ruwan ƙasa idan aka ajiye shi a haske. Yunwa mai tsawo, barasa, al'adar mata da wasu magunguna ne ke tayar da shi.

Abin lura shi ne, fenobabiton, fenitoyin, kabamazafin da balfuro'et, wato magungunan farfaɗiya 4 da suka fi samuwa a kantunanmu, duk suna cikin masu tayar da fofiriya. Sai a ba mara lafiya ɗaya, jijjiga ta ƙaru, a ƙara masa na biyu, ya ƙara tsananta, a ce ciwo ya gagara. Wanda aka gano yana da ita akan ba shi lebetirasetam ko gabafentin, a gyara masa sodiyam, a ƙara masa ruwan sukari, a kuma yi masa allurar hemin inda ake da ita. Gwajin fitsari ne ke tabbatar da ciwon, kuma ya fi nunawa a lokacin da ya tashi.

Ciwon Dravet da ciwon Rett

Likita Charlotte Dravet ta bayyana ciwon da ke ɗauke da sunanta a birnin Marsai na Faransa a 1978. Yana farawa a shekarar farko ta rayuwa, da doguwar jijjiga da zazzaɓi ke tayarwa, sau da yawa a ɓari ɗaya na jiki. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na masu shi suna da matsala a ƙwayar halitta mai suna SCN1A. Zafin gari ko wanka da ruwan zafi kaɗai na iya kayar da yaron, kuma jikinsa ba ya daidaita zafi da gumi yadda ya kamata. Kabamazafin, fenitoyin da lamotirijin suna ƙara masa jijjiga. Balfuro'et da kulobazam ake farawa da su.

Ciwon Rett kuma likita Andreas Rett ne ya bayyana shi a Biyana, babban birnin Austiriya, a 1966, aka gano ƙwayar da ke jawo shi a 1999. Kusan 'ya'ya mata kaɗai yake kamawa, kimanin 1 cikin 10,000. Yarinya kan taso lafiya har wata 6 zuwa 18, sannan ta fara rasa maganar da ta koya, ta riƙa murza hannuwanta ba ƙaƙƙautawa. Da yawansu suna da farfaɗiya ta haƙiƙa, amma suna kuma yin ɗauke numfashi da haki da ƙura ido waɗanda ke kama da ita alhali ba ita ba ce. Rarrabe su ne ke hana a cika yarinya da magungunan da ba ta buƙata.

A waɗannan cututtuka biyu, galibi canjin ƙwayar halittar yana faruwa ne a jikin yaron kansa, iyaye ba sa ɗauke da shi. Wannan bayani na da amfani a gidajen da ake ɗora wa uwa ko danginta laifi.

Gado da farfaɗiya a ƙasar Hausa

Mafi yawan farfaɗiyar da ake gani a Arewa ba ta gado ba ce. Doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, shawarar jarirai da aka yi sakaci da ita, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau da buguwar kai a haɗarin mota ko babur su ne manyan dalilai, kuma dukkansu ana iya rage su.

Ciwon gadon da ya fi kai yaranmu ga jijjiga shi ne sikila. Ana haihuwar kimanin jarirai 150,000 da ita a Najeriya kowace shekara. Idan ba a yi rigakafi ba, kusan yaro 1 cikin 10 masu ita kan samu shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20, tabon da hakan ke bari a ƙwaƙwalwa kuma yana iya zama tushen farfaɗiya. Likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, tare da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun gudanar da bincike kan amfani da maganin haidiroksiyuriya wajen kare yaran daga wannan shanyewa.

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, ciki har da gwajin rukunin jini na sikila. Sai dai wannan gwaji ba ya gano sauran cututtukan gado. A dangin da ake yawan auren zumunci, damar haɗuwar gurɓatattun ƙwayoyi iri ɗaya tana ƙaruwa, kuma idan uwa da uba duka suna ɗauke da ita, kowane ciki na da damar 1 cikin 4 ta zuwa da ciwon. Saboda haka idan yara biyu a ɗaki ɗaya suna jijjiga, ko an taɓa rasa jarirai da irin wannan hali, wajibi ne a faɗa wa likita, har da dangantakar da ke tsakanin ma'auratan. Ɓoye wannan bayani don kunya yana ɓatar da bincike.

Yadda ake bincike

Babban makamin likita shi ne labarin wanda ya ga faɗuwar. Me mara lafiya yake yi kafin ta zo? A tsaye yake ko a kwance? Ya yi fari fat ko leɓɓansa sun yi baƙi? Minti nawa ta ɗauka? Hoton bidiyo na waya, idan wani ya ɗauka yayin da wani ke taimako, ya fi dogon bayani amfani. Haka ma littafin da ake rubuta ranar kowace faɗuwa, lokacinta da abin da ya gabace ta.

Bayan haka akwai gwajin EEG, wanda ke auna lantarkin ƙwaƙwalwa ta wayoyin da ake manna wa fatar kai. Ba ya ciwo, ba ya kuma sa wa mutum wuta. Sakamako mai kyau bai kore farfaɗiya ba, domin gwajin kan ɗauki abin da ke faruwa ne a mintunan da aka yi shi. Hoton MRI yana nuna tabo, ƙari ko tawayar halitta a ƙwaƙwalwa. Idan ana zargin jijiyoyi masu cin gashin kansu, akan auna jini a kwance, a sake aunawa bayan minti 3 da miƙewa. Saukar lambar sama da maki 20 ko fiye alama ce. Akan kuma yi gwajin ECG na zuciya, a duba sodiyam, sukari, kalsiyam da lafiyar hanta da ƙoda.

Hanyoyin magani

Mataki na farko shi ne daidaita magungunan da ake sha. Sau da yawa rage su ne ke kawo sauƙi, a cire wanda bai dace ba sannu a hankali cikin makonni, ƙarƙashin kulawar likita. Fenobabiton, wanda aka fara amfani da shi tun 1912, shi ne mafi araha, amma yana sa barci, yana kuma sa wasu yara rashin natsuwa. Kabamazafin, da aka fi sani da Tegretol, ya dace da jijjigar da ke tasowa daga sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa. Lebetirasetam, wato Keppra, ba ya yawan karo da wasu magunguna, sai dai yana da tsada, yana kuma sa wasu saurin fushi. Balfuro'et, wato Epilim, yana maganin nau'o'i da dama, amma yana da haɗari ga mai ciki: kimanin jariri 1 cikin 10 na iya zuwa da tawaya, kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari kuma su samu matsalar koyo. Duk macen da ke shan sa ta tattauna da likita tun kafin ta ɗauki ciki, kada kuma ta dakatar da shi da kanta.

A ƙasashen waje an amince da sinadarin kanabidiyol a 2018 da fenfuluramin a 2020 don ciwon Dravet. Na farkon tataccen magani ne da aka cire wa sinadarin da ke bugarwa. Ba shi da haɗi da shan tabar wiwi, wadda haramtacciya ce a dokar Najeriya.

Hanya ta biyu ita ce abincin keto, wanda likita Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya ƙirƙiro a 1921. Ana yawaita mai, a taƙaita sitaci da sukari ƙwarai, har jiki ya koma ƙona kitse. A wani gwaji da aka yi a asibitin yara na Great Ormond Street a Landan, aka buga a 2008, kashi 38 cikin ɗari na yaran da aka ɗora a kansa jijjigarsu ta ragu da fiye da rabi, idan aka kwatanta da kashi 6 na waɗanda ba a ɗora ba. A gidan da tuwo, shinkafa, koko da fura su ne cimar yau da kullum, tsarin na da wuya, kuma ba a yin sa sai da masanin abinci na asibiti. Mai fofiriya kuwa ba ya kusantarsa ko kaɗan, domin rage sitaci na tayar da ciwonsa.

Hanya ta uku tiyata ce. Wani gwaji a ƙasar Kanada a 2001 kan mutum 80 ya nuna cewa kashi 58 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aiki sun shekara ba su yi faɗuwar da ke gusar da hankali ba, alhali a masu shan magani kawai kashi 8 ne. Tiyata na amfani ne idan akwai wuri guda da jijjigar ke tasowa. A cututtukan da suka shafi ƙwayoyin halittar jiki duka, ba kasafai take dacewa ba. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake dasawa a ƙirji tana aika saƙo ta wata babbar jijiyar wuya, wadda Amurka ta amince da ita a 1997. Tana rage yawan faɗuwa, ba kasafai take tsayar da ita duka ba, kuma da yake jijiyar na cikin masu tafiyar da zuciya da numfashi, sai an yi nazari sosai kafin a dasa wa mai rauni a wannan fanni.

Idan jijjiga ta zo

A kwantar da mutum a ƙasa, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan rigarsa, a duba agogo. Da zarar fizgar ta lafa a juya shi ta gefe ɗaya don yawu ya fita. Kada a danne shi. Kada a cusa masa cokali, tsumma ko yatsa a baki, domin mutum ba ya haɗiye harshensa. Kada a ɗura masa ruwa, rubutu, man ja ko magani sai ya farfaɗo sarai, domin suna iya wucewa huhu. Kada a turara masa hayaƙi ko a kusantar da ƙafarsa ga wuta. Yawun mai farfaɗiya ba ya yaɗa ta, ba kuma a ɗaukarta ta cin abinci tare ko haɗa shimfiɗa. Addu'a ba ta hana ɗaya daga cikin waɗannan matakai.

Idan jijjiga ta kai minti 5, ko ta sake dawowa mutum bai farfaɗo ba, ko numfashi ya gagara, ko mai ciki ce, a garzaya sashen gaggawa. Iyalan da ɗansu ke yawan doguwar jijjiga su nemi likita ya rubuta musu takardar matakan gaggawa, ya kuma koya musu amfani da maganin da ake sawa ta dubura ko a kumatu. Mai fofiriya ko raunin numfashi ya riƙa yawo da kati mai ɗauke da sunan ciwonsa da magungunan da aka hana shi.

Zafi, azumi da barci

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan kai maki 40 a ma'aunin Salshiyas. Ga wanda jikinsa ba ya daidaita zafi, gumi da awon jini, wannan lokaci ne na haɗari. A wadata shi da ruwa, a kiyaye shi daga ranar tsaka, a ba shi ruwan gishiri da sukari idan ya yi amai ko gudawa, a kuma gaggauta maganin kowane zazzaɓi bayan gwaji. Kafin Ramadan, a tuntuɓi likita ko za a iya mayar da magani zuwa sahur da buɗa-baki. Akwai waɗanda hakan ba zai yiwu musu ba, kuma shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Rashin barci na daga cikin manyan masu tayar da jijjiga. Akwai kuma mutuwar farat ɗaya da kan samu kimanin mutum 1 cikin 1,000 na manya masu farfaɗiya a kowace shekara, galibi cikin dare, kuma ta fi yawa ga waɗanda ciwonsu bai lafa ba. Masana na danganta ta da tsayawar numfashi da bugun zuciya bayan babbar jijjiga. Shan magani a kan kari da kwana ɗaki ɗaya da wanda zai iya taimako suna rage haɗarin. Haka nan a nisanta mai ciwon daga bakin rijiya, kududdufi, murhu da hawa tsani, kada ya yi tuƙin mota, babur ko adaidaita sahu sai likita ya amince.

Inda za a nufa

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988 kuma yake horar da ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero, yana da likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na manya da na yara. Akan je ne da takardar turawa daga asibitin da aka fara zuwa, irin su Asibitin Murtala, Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko na unguwa. A tafi da dukkan kwalayen magungunan da aka taɓa sha, sakamakon gwaje-gwajen baya, littafin faɗuwa da mutumin da ya fi ganin yadda take zuwa. Daga wannan asibiti ne kuma aka jagoranci shirin binciken BRIDGE, wanda aka gudanar a cibiyoyi 60 na Kano, Zariya da Kaduna, ya kuma horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko kan gano farfaɗiyar yara da kula da ita.

Tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023 farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi. Ma'aikatan jiha su bincika abin da tsarin taimakekeniyar lafiya na KSCHMA ya ƙunsa, na tarayya su duba na NHIA, 'yan kasuwa kuma su tambayi tsarin da aka tanadar wa masu zaman kansu. Idan kuɗin wani magani ya fi ƙarfin iyali, a faɗa wa likita ƙarara. Magani mai araha da za a sha kullum ya fi mai tsada da za a sha rabin wata.

Ko da faɗuwa ba ta tsaya gaba ɗaya ba, rage ta daga sau 10 a wata zuwa sau 2, ko kawar da doguwar jijjiga mai kai wa asibiti, nasara ce da ke mayar da yaro aji, ta mayar da magidanci rumfarsa. Kafin a kai ga haka, akwai tambayoyi uku da ya kamata kowane iyali su yi wa likita idan magani na biyu ya gaza: shin wannan farfaɗiya ce, wane nau'i ce, kuma ko akwai wani ciwo a ƙarƙashinta da ba a gano ba?